Yayar da Aka Cire

A wani shagon buga takardu a Kakuri, Damaris na jiran a gama buga wasan kwaikwayon da ta rubuta wa cocinsu. Wani dattijon makanike da ke layi ya leƙa shafukan.

"'Yata, yaron nan ya bar shaye-shaye a shafi na tara. Wa ya juyo da shi?"

"Shi da kansa, Baba."

"Ba a haka a labari. Dole akwai mai ja da shi tun farko, yana toshe kunne."

"Akwai yayarsa. Na cire ta."

"Don me?"

Ta fizge takardun. "Ƙanena zai zo kallo ran Lahadi. In ya ji maganata a bakinta, fita zai yi."

Dattijon ya gyaɗa kai.

"To, bar maganar. Sa ta a bakin makanike."