Gejin Bindigar Wuta

A wata rumfar kayan ƙarfe a kasuwar garin Tultepec, Eulalia ta ji wani dattijo yana neman geji, na'urar auna ƙarfin iska.

"Na tayar mota ne, baba?"

"Na bindiga mai feshin wuta ne. Ni da ƙanena muke haɗawa don nishaɗi."

"Nishaɗi, da furfurarka? In iska ta yi wa tukunyar bindigar yawa, ai tarwatsewa za ta yi!"

"Ta taɓa tarwatsewa, 'yar nan. Ita ta tafi da idanun ƙanena."

"Kuma ba ku daddara ba?"

"Na so in bari. To, hasken wutar nan kaɗai yake iya gani yanzu."

Eulalia ta dubi mai rumfa. "Don Allah, ɗauko masa na ƙwarai."