Robar Ƙwai Ta Tsinke

A bakin danja, da fitilar hanya ta nuna ja, wani tsoho mai ƙwai ya tsayar da kekensa, ya waiwayi wani mai keke da ke manne da shi.

"Malam, lafiya? Tun daga gada kake bi na!"

"Yi haƙuri, Baba. Robar kayanka ce ta tsinke, ni nake tallafe da su."

Tsohon ya dubi kayan ƙwan. Kiret biyar ne, kuma na mutane.

"Ai sai ka kaɗa ƙararrawa!"

"Da wane hannun?"

"To, ka yi magana mana!"

"Ka waiwayo a firgice, mu zube gaba ɗaya?"

Tsohon ya yi dariya. "Allah ya yi maka albarka. Ina ka nufa?"

"Gida, Baba. Mun wuce shi tun ɗazu."