Faifan da Baba Ayuba Ya Musanya da Geronsa

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Rahila. Shaidata ta shekarun fari ce, lokacin da gero ya ƙi a ƙasar Ɗambatta.

A damina ɗaya ƙyanda ta ɗauke mini 'ya'ya biyu. Tun ranar da aka binne ta biyun bakina ya mutu. Ba na magana, ba na cin abinci sai an matsa mini, sujada kuwa na daina zuwa. Ba zan ɓoye muku ba, fushi nake yi da Allah. Maigidana ya kai ni asibiti, aka ce ba a ga komai ba, amma kullum ƙara ramewa nake yi.

A ƙauyenmu akwai wani dattijo, Baba Ayuba, mai tara tsofaffin faya-fayan garmaho na waƙoƙin yabo. Da yunwa ta fara korar mutane birni, gida-gida yake bi. Wani faifan ya tarar an mai da shi murfin tulu, wani kuma yara na gara shi. Sai ya roƙa, ya goge da tsumma mai laushi, ya jera a akwatin katako inda rana ba za ta tanƙware su ba.

Mutane suna tsokanarsa, "Baba, faifai za ka ci?"

Shi kuwa ya ce, "Rumbu zai sake cika. Murya in ta fashe, ina za a samo ta?"

Wata rana da hantsi ya yi sallama a gidanmu, garmaho a ka, ƙafafunsa a kumbure. Daga baya matarsa ta gaya mini cewa a ƙasa ya je wani ƙauye mai nisa, ya ba da rabin geron da ya rage musu a kan faifai guda.

Ya ce, "Rahila, ba sai kin ce komai ba. Saurara kawai."

Ya wana garmaho, ya ɗora allura. A cikin faifan, mata suka ɗauki waƙa. Mai ba da waƙar tana jan ƙarshen kowane baiti a hankali, kamar mai rarrashin jariri. Na san wannan jan. Innata ce, wadda ta rasu ina yarinya. Ashe tun kafin a haife ni masu bishara sun ɗauki muryar matan ƙauyen su Inna a faifai.

Baba ya ce, "Ina wurin ranar. Ba ta daɗe da binne ɗanta na fari ba. Da hawaye ta yi waƙar nan, amma ta kai ta ƙarshe."

Na durƙusa a tsakar gida. Maganar da ta fara fita daga bakina bayan watanni ita ce, "Ya Yesu, na gaji, ka riƙe ni." Na yi kuka har muryata ta dushe. Da na tashi, na ce a ba ni kunu. Maigidana ya ruga madafa da kansa.

Ubangiji ya warkar da ni, ya ƙara mana 'ya'ya, yau har da jikoki. Baba Ayuba ya koma gida wurin Ubangiji, faya-fayansa suna hannun ikilisiya.

Na gode wa Allah da bai yi fushi da fushina ba. Kai da bakinka ya yi nauyi yau, kada ka fid da rai. Ya san hanyar ƙofarka, kuma yana da wanda zai aiko. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.