Sakatar Gidan Hajiya Asama'u

Saratu: Halo? Wa ke magana?

Ramatu: Halo. Gidan Mika'ilu ne, a Jos?

Saratu: Nan ne, amma ya tafi ofis. Mamarsa ce.

Ramatu: Yaya Saratu, ai ke nake nema. Ramatu ce, daga Zariya.

Saratu: Wa? Ɗaga murya, wayar tana ƙara.

Ramatu: Ramatu, ta Zumuntar Mata. Tudun Wada.

Saratu: Ikon Allah, Ramatu. Ina wuni? Ina gajiya?

Ramatu: Lafiya lau, Yaya. Yaya sanyin Jos? Yaya jikoki?

Saratu: Mun gode Allah. Yaya maigidanki? Yaya Fasto da Mama, uwargidansa? Matan zumunta fa, suna nan da gangarsu?

Ramatu: Duk suna nan. Kullum sai an sa ki a addu'a. Ƙafar fa?

Saratu: Tana nan yadda kika san ta. Ina 'yar nan taki da kike goyo?

Ramatu: Ai tana firamare.

Saratu: Ka ji. Shekara shida ba wasa ba. Na ji an ce ke ce yanzu kike riƙe da ajin baftisma na Malam, maigidana.

Ramatu: Ni ce. Tun bara Fasto ya ɗora mini. Mutum goma sha huɗu, ranar Ista za a yi musu. Yaya, Hajiya Asama'u ta rasu.

Saratu: Ta taso? Zuwa ina?

Ramatu: Ta rasu. Ungozomar nan ta cikin birni, ta wajen Ƙofar Doka. Shekaranjiya aka binne ta.

Saratu: Allah sarki. Wadda ta ɓoye ku ranar rikici. Allah ya saka mata. Ita ta yanke wa Mika'ilu cibiya, kin sani? Kun je gaisuwa?

Ramatu: Mun je mu duka, da zanen zumunta, 'ya'yanta suka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida. Amma kafin nan, ranar Litinin, ta aiko a kira ni. Ni kaɗai.

Saratu: To.

Ramatu: Yaya, kina zaune?

Saratu: Ina tsaye, wayar a jikin bango take. Faɗi mana.

Ramatu: Abin da muka gaya miki game da Malam Ɗanjuma, ba shi ke nan ba.

Saratu: Kun ce mini a ƙofar coci kuka rabu da mijina, ba wanda ya ƙara ganinsa.

Ramatu: Ba wanda ya gan shi, wannan gaskiya ne. Amma an ji shi.

Saratu: Ban gane ba.

Ramatu: Bari in ɗauko miki daga farko. Kin san ranar Alhamis ce, muna cikin aji bayan azahar, yana bi mana Addu'ar Ubangiji layi-layi, sai hayaƙi ya tashi ta wajen kasuwa. Hajiya ta shigo da kanta da ƙunshin mayafai a ka, ta ce duk mu yafa, mu bi ta biyu-biyu kamar masu dawowa daga gidan suna. Ta ce ba wanda zai nemi Kirista a cikin ganuwa. Malam ya ce mu yi gaba, zai duba ɗakin yara ko an bar wani, zai biyo mu.

Saratu: Duk wannan na sani.

Ramatu: Ya biyo mu, Yaya.

Saratu: Halo?

Ramatu: Ina ji. Na ce ya biyo mu. Har ƙofar gidan ya zo. Wajen la'asar ne. An kai matan ɗakin Hajiya na can ciki, ni da ita muna zaure, an sa sakata. A lungu kuwa ana ta gudu, ana kiran sunayen mutane. Sai aka ƙwanƙwasa. Sau uku a hankali, aka tsaya, aka ƙara ɗaya.

Saratu: Yadda yake buga benci in zai fara aji.

Ramatu: Haka. Ni na gane, ita ma ta gane daga fuskata. Ta kai hannu kan sakata. Ni kuma na riƙe mata hannu.

Saratu: Kika yi me?

Ramatu: Na riƙe hannunta. Da hannuna biyu. Ina jin muryoyi a bakin lungu, ga jaririya a bayana, ga mata goma a ciki. Sai yarinyar ta fara kuka, na saki hannun Hajiya na ruga ciki na toshe wa yarinyar baki da nono. Da Hajiya ta shigo daga baya ita kaɗai, ban tambaye ta ba. Shekara shida muna haɗuwa a asibiti, a kasuwa, mu gaisa, ba wadda ta taɓa ɗaga maganar.

Saratu: Kuma kika zo gidana kika kwana bakwai kina dafa wa masu gaisuwa abinci.

Ramatu: Na yi.

Saratu: Kina riƙe da ni muna bin asibitoci muna buɗe mayafin gawa.

Ramatu: Na yi, Yaya. Tun da na karɓi ajin nan ban samu sukuni ba. Duk Alhamis in na buɗe littafin suna, sai in ji an buga benci. Na sa an canja bencin, an kawo kujeru, bai hana ba. Makon jiya muka iso wurin gafara a cikin addu'ar, daidai inda ya tsaya a ranar, bakina ya ƙi buɗuwa. Wata yarinya ce ta ƙarasa musu. Na gaya wa Fasto ba zan iya kai su Ista ba, ya tambayi dalili, na ce ciwon kai.

Saratu: Me Hajiya ta ce miki?

Ramatu: Na same ta ta rame, carbi a hannu, 'yarta tana mata fifita. Ta sallami 'yar. Ta ce ba ta so ta je gaban Allah da kayan wani. Ta ce da na shige ciki, ta sa baki a jikin ƙofa ta ce masa ga ta nan za ta buɗe. Shi ne ya hana ta. Ya ce masu rikicin sun riga sun gan shi, in ta buɗe gidan duka ya tafi.

Saratu: Ya tafi ina?

Ramatu: A'a, gidan, gidan ne zai tafi. Za a ƙone shi. Sai ya tambaye ta mu nawa muka iso. Ta ce sha ɗaya, da jarirai uku. Wai ya yi kamar yana lissafi, sannan ya ce, "To, sun cika." Ta ji takunsa ya yi wajen bakin lungu, ba gudu ba, tafiya kawai.

Saratu: Mm.

Ramatu: Ban sani ba, Yaya, ko gaskiya ce, ko ta faɗa ne don ta sauke mini kaya kafin ta tafi. Mace ce mai tausayi, za ta iya. Kwana huɗu ke nan ina juya maganar. Halo? Yaya, kina nan?

Saratu: Ina nan. Sake faɗa mini abin da ya ce.

Ramatu: "To, sun cika."

Saratu: Ba ta ƙirƙira ba. Kullum da safe in yara sun taru a tabarma za mu yi addu'a, sai ya bi kawunansu da yatsa ya faɗi haka. A cikin ɗakinmu. Hajiya ba ta taɓa shiga ɗakinmu ba.

Ramatu: Yaya...

Saratu: Kada ki yi mini kuka, ban gama ba. Ya hana a buɗe, na yarda. Amma ke lokacin da kika riƙe hannun, ba ki san zai hana ba.

Ramatu: Ban sani ba.

Saratu: Da ke ce a waje, shi a ciki, da ya buɗe.

Ramatu: Na sani. Shi ya sa na kira. Ko me kika ce, na ɗauka. Yaya, katin waya ya fara ƙara, saura kaɗan.

Saratu: Ba zan ce miki komai ta waya ba. Ba ni da abin da zan ce yanzu. Kada ki ajiye ajin nan, yaran ba su yi wa kowa laifi ba. Ƙarfe nawa kuke shiga?

Ramatu: Ƙarfe biyu.

Saratu: Zan sa Mika'ilu ya sa ni a mota ranar Alhamis. In kun tashi, ki kai ni cikin birni ki nuna mini ƙofar. Ina so in tsaya ta waje, inda ya tsaya. Ke kuma ki shiga ciki, ki—

Ramatu: Halo? In shiga in yi me, Yaya? Halo?