Gam ɗin Rogo a Tashar Ajingi

A tashar Ajingi, Batula ta dawo daga sayen ruwa, ta tarar da wani dattijo zaune kusa da robar da ta ajiye a kan benci.

"'Yata, wannan zuma ce?"

"A'a Baba, gam ne. Sitacin rogo nake soyawa a busasshiyar tukunya har ya yi ja, sannan in dama shi da ruwan zafi. Sai ya yi danƙo."

"Ikon Allah! Rogon da muke ci? To me ake yi da shi?"

"Jakunkunan takarda nake liƙa wa masu tsire. Masu gyaran littattafai a Gaya ma suna saya."

"Ba a zuba masa wani magani?"

"Rogo ne da ruwa kawai."

Dattijon ya gyara zama, ya rage murya.

"To a ce wani yaro marar ji ya lasa. Hanjinsa zai manne?"

"Ya lasa da yawa ne?"

"Kamar lakuta biyu haka. Wataƙila uku."

Batula ta lura murfin robar a karkace yake, ga gemun dattijon ya cure wuri guda yana ƙyalli. Ta danne dariyarta.

"Baba, ka gaya wa yaron ya kwantar da hankalinsa, ba abin da zai same shi. Amma ya wanke gemunsa da ruwan ɗumi kafin ya bushe."

"Alhamdulillahi!" Ya saki ajiyar zuciya. "Amma gaskiya 'yata, sukari bai ji ba."