Mai Waldan Bayan Katanga

A ɗakin jira na ofishin tsara gari, wani matashi mai tabon ƙuna a hannu ya tsaya kusa da wani dattijo da bai sani ba, suna kallon sabuwar taswirar da aka manna a bango.

"Baba, ka ga nan?" Matashin ya dangwala yatsa, baki har kunne. "Fili guda aka ware wa masu sana'a a bakin babban titi. Ga wuta, ga ruwa!"

"Ai na fi ka murna, ɗana! Sabuwar doka ta hana walda a cikin unguwa. Akwai wani ja'irin mai walda a bayan katangata, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Kullum da sassafe sai bugun ƙarfe, ga waƙa da murya kamar tsohon injin niƙa!"

"Gidan nan mai bishiyar lemo?"

"Shi fa! Ka san yaron?"

"Ni ne ja'irin, Baba."

Dattijon ya ƙare masa kallo, ya tuntsire da dariya, sai kuma ya sake duban taswirar.

"Yaushe za ku tashi?"

"Sun ce baɗi."

"Haba, da wuri haka? Tun da matata ta rasu, hayaniyarka ce kaɗai ke shigo mini gida."