Liƙi a Goshin Mai Goge

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta zumunci, Alhaji Surajo. Malamanmu da dattawanmu. Uwar ƙungiya, Hajiya Adijatu, wadda ƙamshin miyarta ya fito da har waɗanda ba su cika zuwa taro ba. 'Yan'uwana masu gadi da direbobi da ma'aikatan otal. Mutanen Najeriya da mutanen Zango na ƙasar Gana. Waɗanda suka taso daga Asian Town a bas, da waɗanda suka taso daga Al Thumama a motar kafil, wato ubangidan aiki, da izini ko babu izini: barkanmu da Juma'a, barkanmu da haɗuwa a Umm Salal.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina gode wa mai gonar nan da ya ara mana inuwar dabinonsa, ina kuma gode wa shugaba da ya ba ni dama, duk da ya san in na kama lasifika sai an roƙe ni nake saki.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Muttaka, mutumin Funtuwa. Shekarata shida ina gadi a wani zauren kiɗa a nan Doha, inda ake yin kiɗan Turawa irin na dā. Albishir na kawo muku, da gargaɗi, da kuma wata magana da ta daɗe tana ci mini rai.

Albishir na farko: ranar Juma'a ta sama, bayan Magariba, za a buɗe kiɗan bana, kuma mudir ɗinmu, wato manajan zauren, ya ware wa ƙungiyar nan kujeru talatin kyauta. Za ku ga makaɗa sun fi sittin a kan dandamali, da goge ƙanana da manya, da sarewa, da ƙaho, da ganguna, ga wani mutum a gabansu da ɗan tsinke a hannu. Ba ya kiɗa, ba ya waƙa, amma in ya ɗaga tsinken nan kowa sai ya bi. Da na fara aiki na ɗauka shi ne ya fi kowa cin banza. Daga baya na gane shi ne madugu.

Na biyu: makonni biyu bayan haka za a nuna abin da suke kira opera a majigi. Wasan kwaikwayo ne, sai dai ba a magana a cikinsa, komai rera shi ake yi. Gaisuwa waƙa, faɗa waƙa, mutuwa ma waƙa. Na taɓa ganin wadda aka soka da wuƙa ta yi minti ashirin tana rera bankwana, da muryar da ni mai lafiya ba ni da ita. Za ku yi dariya da farko kamar yadda na yi, amma na rantse kafin a tashi sai wani ya nemi hankici. Akwai fassara da Larabci da Turanci a ƙasan allo. Mai so ya ba Malama Haulatu sunansa kafin mu watse, domin gani ya kori ji.

Sai gargaɗi, tun da in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Ku zo da wuri, domin in aka rufe ƙofa ko Alhaji Surajo ne sai ya jira. Ku kashe waya, kashewa ta gaske. Kiɗan nan kashi-kashi ne, kuma tsakanin kashi da kashi makaɗa kan yi shiru. Shirun nan ba ƙarshe ba ne, kada ku tafa. Ku jira mai tsinke ya sauke hannu ya juyo, sannan ku tafa har tafinku ya yi zafi. Hajiya, ki yi haƙuri, babu guɗa. Babu kirari. Kuma, jama'a, babu liƙi.

Na ji wasu sun yi dariya, na kuma ga wasu sun waiwaya baya. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kun san Bawah, direba, ɗan Zangon Kumasi, wanda yake zaune can ƙarshe kusa da tankin ruwa. Abin da wasunku ba su sani ba shi ne, ranar da na sauka ƙasar nan ban san kowa ba, shi ya ɗauko ni daga filin jirgi, a ɗakinsa na kwana wata biyu, a kwanonsa na ci. Bara na samo masa tikiti ɗaya, na ce ya zo ya ga inda nake aiki. Na faɗa masa ya sa riga mai kyau. Ban faɗa masa komai bayan wannan ba.

Ana cikin kiɗa, sai kowa ya yi shiru aka bar wani dattijo shi kaɗai, mai babban gogen nan da ake kafa ƙafarsa a ƙasa a rungume shi. Ya ja wani sauti mai sanyi, a hankali, kamar mai rarrashin jariri. Mahaifin Bawah, Allah ya jiƙansa, makaɗin goge ne. Ina tsaye a bakin ƙofa sai na hango Bawah ya miƙe, ya bi tsakiyar zaure, ya hau matakala, ya zaro takardar riyal daga aljihu ya manna wa dattijon nan a goshi. A gaban mutum ɗari takwas. Dattijon bai tsaya ba, ya ci gaba da kiɗa da takarda a goshi har ta zame ta faɗi.

Mudir ya yi mini magana a rediyon kunne: "Yalla, fitar da shi!" Na je na kama hannun Bawah, na fito da shi. Wannan aikina ne, kuma na san bai riƙe ni da shi ba. Amma a waje mudir ya tare mu, ya dube ni ya ce, "Ka san shi?" Jama'a, tsoron rasa aiki ya kama ni. Na ce, "Ban san shi ba." Bawah yana tsaye, hannunsa na cikin nawa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Khalas, shi ke nan, maigadi, sake ni, na san hanya."

Shekara guda ke nan. Muna haɗuwa a masallaci, mu gaisa kamar baƙi. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Watan jiya aka mayar da ni ƙofar baya, inda makaɗa ke shiga. Ina duba akwatin gogen dattijon nan, sai na ga takardar riyal an maƙale ta a cikin murfi, kusa da hoton jikokinsa. Na tambaye shi. Ya ce, "Wani ne ya ba ni bara. Ban san me yake nufi ba, amma na ga idonsa da hawaye." Na ce masa a wurinmu in makaɗi ya taɓa maka zuciya ba ka jira ya gama, tashi kake yi ka shaida masa a gaban jama'a. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai dattijon ya ce, "Shekara arba'in ina kiɗa, ana tafa mini a lokacin da aka tsara. Mutum ɗaya ne ya kasa jira. Ka san shi?"

Tambayar bara ce ta dawo mini. Na ce, "Na san shi. Yayana ne." Washegari na je ofishin mudir na faɗa masa haka. Ya yi dariya ya ce ai tun ranar ya gane, domin babu mai riƙe hannun baƙo irin wannan riƙon.

Ga ambulan a hannuna, da tikiti ɗaya a ciki. Ba ya cikin kujeru talatin ɗin nan. Dattijon ne ya bayar, sahun gaba, daidai inda yake zama, kuma ya ce in an tashi a kawo masa mai shi su gaisa.

Yaya Bawah, a gaban mutum ɗaya na ce ban san ka ba. Yau a gaban mutanenmu duka nake cewa na san ka, na san alherinka, na kuma yi maka laifi. Ka yafe mini. Ni na fitar da kai daga zauren nan, ina roƙon ka bari in shigar da kai da hannuna.

Alhamdu lillahi, ga shi ya taso. Ku ba shi hanya. Hajiya, nan ba zaure ba ne, ki saki guɗar!

Allah ya bar zumunci. Allah ya tsare mana ayyukanmu, ya tsare mu daga tsoron da ke sa mutum ya musanta ɗan'uwansa. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya albarkaci iyalanmu na gida da na nan, ya mai da kowa masaukinsa lafiya. Yaya Bawah, ranar Juma'a aljihunka zan fara dubawa.

Na gode.